Wasan Kwaikwayo da Gyaran Halin Jama'a: Jawabi ga Hakiman Ƙasar Haɗeja da Malamansu

 Wannan jawabi a kan wasan kwaikwayo yake, watau al'adar nan ta mutum ya ɗauki kamar wani, ya yi tafiyarsa da maganarsa a gaban jama'a, domin a yi dariya a kuma ɗauki darasi. Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan sha'anin yara ne, bai kai a tara manya a kansa ba. Amma kuwa ƙarar masu wasa takan zo gaban hakimi, kuma a ƙofarsa masu wasa kan nemi izini. Hakimin da bai san asalin abin ba, ko dai ya hana abin da ke da amfani, ko kuwa ya ƙyale abin da zai jawo fitina.

Wasannin da aka gada

Kwaikwayo ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Wanda kowa ya fi sani shi ne tashe, wanda yara da samari ke yi da dare cikin watan azumi, daga wajen kwana goma ga wata. Masana da yawa suna ganin sunan ya samo asali ne daga tashin mutane domin sahur. Ko wane tashe kuwa yana da abin da yake nufi. A cikin Jatau Mai Magani yaro yakan ɗauko saiwoyi da ganyaye, ya yi ta lissafa cututtukan da wai yake warkarwa, har mai kallo ya gane irin cika bakin masu tallan magani a kasuwa. A cikin Tsoho da Gemu yaro yakan manna auduga a haɓa, ya duƙa bisa sanda, domin a tuna wa jama'a hakkin tsofaffi. 'Yan mata suna da Mairama da Daudu, inda ɗaya takan yi shigar miji ɗaya ta mata, su nuna zaman gida da ladabinsa. Akwai kuma wanda akan yi wa yaro shigar malami, da allo da gafaka, ana tuhumarsa da yin rawa yana musu, alhali kuwa ƙafarsa ba ta daina motsi ba. Ko ba a faɗa ba, mai hankali ya san da masu wa'azin abin da ba su aikatawa ake. A birnin Kano har sarauta aka yi wa tashen gwauraye, ita ce ta Nalako, domin a matsa wa marasa mata su yi aure.

A fada akwai wasan gauta, wanda matan gidan sarauta kan yi. Ɗaya takan yi shigar Sarki, sauran su yi ta hakimai da fadawa, su kwaikwayi yadda ko wanne ke tafiya, da yadda yake gaisuwa, da yadda yake yanke magana, masu abin suna zaune suna kallo. Ba a hukunta kowa a kan abin da aka nuna ran nan. Ta haka basarake kan ga halinsa wanda fadawansa ba su iya gaya masa.

A karkara kuma akwai kalankuwa, wadda samari kan yi bayan an kawar da amfanin gona, ta kuwa yi suna ƙwarai a ƙasar Zazzau. Sukan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, a zamanin Turawa har da Razdan da Di'o, su yi kwanaki suna shari'a suna cin tara, dattawa suna kallo. Samari na koyon yadda ake riƙon jama'a, manya kuma na ganin yadda talakawa suka ɗauke su. Sa'an nan ga 'yan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai, su yi ta jan baƙi a kan tuwo da miya.

Abin lura cikin waɗannan duka shi ne, magabata sun keɓe lokaci wanda ƙarami ke da damar nuna wa babba aibinsa ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Wannan dama tana da iyaka. Hali ake kwaikwaya, ba a kama sunan mutum, kuma in lokacin ya wuce kowa ya koma matsayinsa.

Halayen da ake koyarwa

Cikin 1974 aka buga wata lacca ta Baturen nan A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Jihar Arewa, mai suna Mutumin Kirki. A ciki ya lissafa halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya dubi wasannin Hausa da kyau zai tarar kusan ko wanne an gina shi ne a kan mutumin da ya rasa ɗaya daga cikin goman nan, da abin da rashin ya jawo masa.

Da aka fara rubuta wasanni da boko, ba a bar wannan hanya ba. Dokta R. M. East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya fitar da wasanni shida na Hausa cikin shekarun 1930, domin makarantu. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi ya shirya wasanni masu sukar zalunci da cuta a kasuwa da wajen masu iko. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, na 1949, a kan tsabta da kiwon lafiya yake. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu cikin 1959, sa'an nan Jatau Na Kyallu cikin 1960, inda magidanci ya ƙi jin shawara a kan aure har dukiyarsa da mutuncinsa suka salwanta. Uwar Gulma na Muhammadu Sada, na 1968, ya nuna mijin da ke wulakanta matarsa, da yadda maganar ta kai gaban alƙali. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, ya nuna mai kuɗin da ya yaudari 'yar makaranta ya lalata mata rayuwa.

Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe cikin 1962, ya kai irin waɗannan wasanni har ƙauyukan da ba a taɓa ganin dandali ba, musamman Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusufu Ladan. A talbijin kuma aka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero. A ƙasar Nijar ƙungiyar Yazi Dogo ta yi irin wannan aiki. Tun kafin nan motar majigi ta Gwamnatin Jihar Arewa ta zaga garuruwa da Baban Larai, wanda aka shirya domin koyar da noman zamani. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kafu, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai cikin 2001.

Akwai abin da ya shafi hakimai kai tsaye a nan. Wasannin Hausa da yawa a gaban alƙali ko mai gari ko dattawa suke ƙarewa. Watau ko da yaushe jama'a na kallon surar mai mulki a dandali, suna gwada ta da wanda suka sani a gida. In mai garin wasa ya saurari ɓangare biyu kafin ya yanke hukunci, talaka zai sa rai nasa mai garin ya yi haka.

Sha'anin addini da iskoki

A nan ne ake bukatar natsuwa. Masu nazarin wasanni sun daɗe suna ambaton bori, domin a cikinsa akwai shiga da kiɗa da 'yan kallo, kuma ko wane iska yana da halin da aka san shi da shi. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai almubazzaranci, Sarkin Rafi mai zafin rai ne, Kuturu kuwa da dungun hannu ake nuna shi. Ana kaɗa musu garaya ko goge ko ƙwarya. Lalle ana iya ganin hoton jama'ar Hausa ta dā a cikin wannan jeri. Amma akwai bambanci babba wanda bai kamata ya shige wa hakimi duhu ba. Mai wasan kwaikwayo ya san kwaikwayo yake yi, masu kallo ma sun sani, in an tashi kuwa ya tuɓe rawanin aro ya tafi gida. Ɗan bori kuwa da'awa yake yi cewa wani ne ya hau kansa, ana kuma neman magani da biyan bukata a wurinsa. Sabo da wannan da'awa malaman jihadi suka yi gāba da bori. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu cikin 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zagawa ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙin addini, domin su sami abin riƙo wanda ya fi zuwa gidan bori.

Ƙasar Haɗeja tana cikin ƙasashen da suka karɓi tutar Shehu, Sarki Sambo kuwa ya kafa mulkinsa a birnin tun 1808. Sabo da haka ma'aunin da jama'arta ke auna wasa da shi na Musulunci ne. Wannan bai hana wasa taɓa sha'anin ruhi ba. Misali mafi kyau shi ne Shaihu Umar, labarin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar 1933, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo cikin 1975, Adamu Halilu kuma ya mayar fim cikin 1976. An sace yaro, aka ƙetare hamada da shi, ya tashi ya zama babban malami. Uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa cikin bauta, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Ba a tsaya ana wa'azi a ciki ba, amma mai kallo yakan tashi da fahimtar haƙuri da yarda da ƙaddara, da kuma munin cinikin bayi.

Sauran ƙasashen Afirka ma haka abin yake, ko wace jama'a da abin da ta yi imani da shi. A ƙasar Yarabawa Duro Ladipo ya yi wasa a kan Sango, Sarkin Oyo wanda suka ɗauka ubangijin tsawa. Wole Soyinka, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1986, ya rubuta wasa cikin 1975 a kan wani abu da ya faru a Oyo zamanin Turawa, sa'ad da jami'in mulki ya hana wani bafade bin Sarkinsa lahira bisa al'adarsu. Ba a ambaci waɗannan domin a yi koyi da aƙidarsu ba. An ambace su ne domin a ga cewa ko ina a Afirka dandali wuri ne da jama'a ke tambayar kansu abin da ya wajaba a kan mutum game da Mahaliccinsa, da iyayensa, da shugabansa.

Tarihi ya kuma nuna abin da hani kan haifar. Cikin 1964 Gwamnatin Jihar Yamma ta hana ƙungiyar Hubert Ogunde wasa sabo da Yoruba Ronu, sai waƙar wasan ta daɗa bazuwa. A Kenya an tsare Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen 1977 sabo da wasan da ya shirya tare da manoman ƙauyen Kamiriithu cikin harshensu, sai sunan ƙauyen ya zaga duniya. Hani yakan rufe dandali, amma ƙorafin da ya haifi wasan yana nan inda yake.

Abin da ya shafi fadamar Haɗeja

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Yawancin arzikinta a kan kogi yake. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, wanda ke bazuwa cikin fadama kafin ya sadu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Fili guda yakan yi wa mutum uku ko huɗu amfani cikin shekara: masunci sa'ad da ruwa ya cika, mai shinkafa, mai lambu bayan ruwa ya janye, da makiyayi da rani. Muddin kowa ya san lokacinsa da iyakarsa, akwai zaman lafiya.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, tafiyar ruwan ta sāke. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Wani wuri ruwa ya yi yawa, wani wuri ya ƙi zuwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidaje sun halaka amfanin gona a gundumomi da dama. In fili ya ƙuntata, rigima a kan burtali da mashaya da iyakar gona takan yawaita, ita ce kuwa ke cika zauren hakimi.

A nan wasa yana da aikin da takardar sanarwa ba ta iya yi, domin gani ya kori ji. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka gwada wata dabara a Soba da Maska da Bomo. Sukan zauna da mutanen gari su ji damuwarsu, a shirya wasa a kanta tare da su, a nuna a dandali, sa'an nan a tsaya a yi shawara. Ba abin da zai hana a yi haka a Guri ko Auyo ko Kiri Kasamma. Samari na iya nuna manomin da ya shigar da burtali cikin gonarsa, su kuma nuna yaron da ya saki shanu cikin shinkafa da dare, su nuna mutanen da suka ƙi fita gayyar yankan kachala suna jiran wasu su yi, da wanda aka gargaɗe shi ya tashi daga bakin ruwa ya ƙi. In kowa ya ga nasa laifi a fili, aka yi dariya tare, sulhu ya fi sauƙi.

Amma fa wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. A wannan ƙasa Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa zaune suke tare, akwai kuma wasan barkwanci na gado tsakanin wasu kabilu, kamar Fulani da Barebari. Barkwancin da ɓangare biyu suka yarda da shi yana ƙara zumunci. Wasan da ya mai da kabila guda abin dariya, ko ya ɗora mata laifin kowa, musamman a shekarar da aka yi rikici, hura wuta ne. Haka kuma ɓata-gari kan fake da taro su yi ɓarna, abin da ya sa 'yan sandan Kano suka dakatar da tashe cikin azumin 2024. Laifin na masu makami ne, amma yara masu gemun auduga su suka yi hasara.

Abin da ake roƙon hakimai da malamansu

Na farko, in masu wasa suka nemi izini, ya kyautu hakimi ya sa a nuna masa wasan tukuna, tare da limami da dagaci da wani dattijo daga ko wane ɓangaren da wasan ya shafa. Abin da ya saɓa wa addini, ko ya kama sunan wani, ko ya ci mutuncin wata kabila, a ce a gyara. Gyara ya fi hani.

Na biyu, in wasa ya taɓa masu mulki, kada a yi saurin fushi. Sarakunan dā sun zauna an kwaikwaye su a wasan gauta, rawaninsu kuwa bai faɗi ba. In samari suka nuna mai unguwa yana karɓar toshi kafin ya raba taki ko kayan agajin ambaliya, abin da ya kamata shi ne a bincika ko akwai ƙamshin gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, a tsare tashe maimakon a kashe shi. Masu unguwanni na iya sanin yaran da ke fita, a sa musu babba guda, a yanka musu lokacin komawa gida, a kuma hana riƙe makami ko wane iri.

Na huɗu ya shafi malaman hakimai. Tsofaffin da suka san yadda ake waɗannan wasanni a ƙasar Haɗeja suna ƙarewa, yara kuwa sun fi sanin abin da ke cikin waya. Ya kamata ko wane malami ya keɓe littafi guda, ya rubuta sunan ko wane wasa da ake yi ko aka taɓa yi a gundumarsa, da lokacinsa, da irin masu yinsa, da shigarsu, da abin da ake nufi da shi, kamar yadda dattawa maza da mata suka faɗa. A haɗa da wasannin masunta da na makiyaya, da na 'yan mata a dandali. Wanda ke da waya mai ɗaukar murya ya ɗauka, bayan ya nemi yardar mai magana. In an gama a aika da kwafi fadar Mai Martaba, a bar ɗaya a makarantar gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, in malaman lafiya ko na gona suka zo da saƙo, hakimi na iya ba su shawara su haɗa kai da masu wasan gari, waɗanda suka san harshen mutane da abin da ke ba su dariya, maimakon a kawo baƙi su karanta takarda su tafi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya duƙa bisa sanda yana kwaikwayon tsoho ya fara sanin tausayi, saurayin da ya zauna kujerar alƙalin kalankuwa kuma ya ɗanɗana nauyin hukunci kafin a ɗora masa na gaske. Kula da wannan yana cikin amanar da aka ba hakimai, kamar yadda kula da kasuwa da burtali ke ciki.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Haɗeja, ya taimaki hakimansa a kan gaskiya, ya kiyaye ƙasa daga ambaliya da fari, ya ba da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi da masunci. Amin.